Idan Maganin Farfaɗiya Ya Daina Riƙewa: Yadda Ake Sauya Shi Mataki-Mataki

"Malam, maganin nan fa ya daina yi masa aiki, wanne za mu koma?" Wannan tambayar ta zo mini ba adadi, wasu ta waya, wasu a bakin tagar da muke ba da magani, da leda a hannu cike da ragowar kwalaye. Kowa so yake in faɗi suna ɗaya ya je kemis ya saya. Ba na faɗa, domin canjin maganin farfaɗiya aiki ne na makonni, wani lokaci watanni, kuma likita ne ke jan ragamarsa. Sai dai rabin aikin a gida ake yinsa, kuma a gidan ne ake yawan ɓata shi. Ga yadda ake bi.

1. A ci gaba da shan wanda ake sha

Ko jiya ciwon ya tashi, yau a sha maganin yadda aka saba, a lokacin da aka saba. Maganin da kuke ganin ya gaza, sau da yawa shi ne ke tare faɗuwa goma ya bar biyu su wuce.

Gargaɗi: tsayar da maganin farfaɗiya rana ɗaya na iya jawo jijjiga mai zarcewa, wadda ba ta tsayawa sai an yi allura a asibiti, kuma tana kisa. Wanda ya fi kowa haɗari a nan shi ne fenobabiton, ƙaramar ƙwayar nan mai araha, domin jiki yana sabawa da ita sosai.

2. A binciki gida tukuna: me ya canja?

A nan nake so ku daɗe. Cikin waɗanda ke zuwa da cewa magani ya daina aiki, da yawa maganin lafiyarsa ƙalau, wani abu ne ya shiga tsakani.

Ku fara da ƙidaya. Ku ɗauko kwalin da aka saya farkon wata, ku lissafa ƙwaya nawa ya kamata a ce ta rage, ku duba nawa ta rage. Tsallaken magani shi ne babban dalilin dawowar ciwo, kuma ba kullum mantuwa ba ce. Matashi kan ɓoye ƙwayar saboda tana sa shi barci a aji. Amarya kan daina sha don kada dangin miji su gani. Uba kan raba ƙwaya biyu idan wata ya yi nisa. Ku tambaya a hankali, ba da faɗa ba, in ba haka ba gaskiyar ba za ta fito ba.

Sai nauyin jiki. Wata baiwar Allah ta taɓa miƙo mini kati da ya yi laushi don tsufa, ta ce ɗanta shekara huɗu lafiya lau, bana ya faɗi sau uku. Na duba katin, na dubi yaron da ke tsaye bayanta yana neman kamo ta a tsawo. An rubuta masa maganin yana ɗan shekara 7, yanzu yana 11, kuma adadin nan na farko take saya masa a kemis duk wata ba tare da komawa asibiti ba. Da nauyi ake auna maganin yara. Nasa bai gaza ba, yaron ne ya girme shi.

Sai ingancin ƙwayar kanta. An canja kamfani? An sayi na tsinta-tsinta a hannun mai talla? Ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Tun da kamfanonin magani na GSK da Sanofi suka sanar a 2023 cewa za su daina kasuwanci kai tsaye a Najeriya su miƙa rarraba kayansu ga wasu kamfanoni, iyalai da dama suka koma wasu samfuran, wani watan wannan, wani watan wancan. Na wani kamfani ba laifi ba ne, amma a tsaya a kan guda ɗaya, musamman a fenitoyin, kabamazafin da fenobabiton. Ajiya ma na da tasiri: kabamazafin na rage ƙarfi idan ya sha danshi, Epilim kuwa, wani maganin farfaɗiyar, jan laima yake yi. Kada a ɓare su daga takardar azurfarsu a zuba a leda, balle da damina.

Sannan abubuwan da ke tayar da ciwon ko da magani na jiki: rashin barci, zazzaɓi, amai ko gudawa da ke fitar da ƙwayar kafin ta narke, giya, da lokacin al'ada ga wasu mata. Azumi kansa ya fi yin illa ta hanyar rikita lokacin sha da rage barci.

Na ƙarshe, wasu magunguna. Tramol kan tayar da jijjiga har ga wanda bai taɓa yi ba, balle mai farfaɗiya. Sifurofuloksasin, da ake yawan bayarwa don taifot, shi ma yana sauƙaƙa tashinta. Rifamfisin na cikin maganin tarin fuka yana rage ƙarfin magungunan farfaɗiya irin su fenitoyin da lamotirijin a jini. Ƙwayar tazarar haihuwa ta sha kullum mai sinadari biyu tana rage lamotirijin. Juna biyu na rage lamotirijin da lebetirasitam. Duk abin da ya shiga bakin majiyyaci a watanni 3 da suka wuce, har jiƙe-jiƙe da garin magani, a rubuta shi.

3. Littafi da bidiyo

Ku sayi ƙaramin littafi na 'yan makaranta. Duk faɗuwa a rubuta rana, lokaci, minti nawa ta ɗauka, me yake yi kafin ta zo, ya sha magani ko bai sha ba, ya yi barci ko bai yi ba. A rubuta har ƙananan da ba a ɗauka komai ba: zuba ido na 'yan daƙiƙu, taunar baki, firgitar hannu da safe har kofin shayi ya suɓuce.

Idan akwai mutum biyu a wurin, ɗaya ya kula da shi, ɗaya ya ɗauki bidiyo da waya, fuska da hannuwa su fito. Na san abin da nauyi, ba wanda ke son ɗaukar ɗan'uwansa a wannan hali. Amma minti ɗaya na bidiyo ya fi wa likita amfani a kan bayanin rabin awa. A nuna masa, kada a tura wa kowa.

4. Wurin likita, da abin da za a riƙa

Idan da hali a ga likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, yara kuma likitan yara da ya ƙware a wannan fanni. Ana samunsu a asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da na Jami'ar Maiduguri, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya kamar na Barnawa a Kaduna da na Kware. A Nijar kuma manyan asibitocin ƙasa na Yamai da Damagaram. A karɓi takardar turawa daga asibitin da ake zuwa, tana rage zirga-zirga.

A tafi da littafin, da bidiyon, da duk kwalayen magani har waɗanda suka ƙare, da tsoffin sakamakon gwaji, da mutumin da ya taɓa ganin faɗuwar da idonsa. Mai ciwon ba ya tuna abin da ya faru.

Abu na farko da likita zai sake dubawa shi ne ko farfaɗiyar ce ma. Suma daga matsalar zuciya, faɗuwar sukari, da jijjigar da damuwa ke haifarwa duk suna kama da ita, kuma maganinta ba ya yi musu komai. Na biyu, wace iri ce. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: kabamazafin da fenitoyin na iya ƙara tsananta irin ta zuba ido da irin ta firgitar safe. Akwai wanda ake ta ƙara masa ƙwaya ciwon na ƙaruwa, alhali tun farko ba maganin irin tasa ba ne.

Gwaje-gwajen da aka fi nema: ƙidayar ƙwayoyin jini, aikin hanta, aikin ƙoda da gishirin jini, sukari, gwajin ciki ga mace, gwajin wutar ƙwaƙwalwa wato EEG, wani lokaci hoton ƙwaƙwalwa na CT ko MRI. MRI ya fi su tsada nesa ba kusa ba, don haka ba laifi ku tambaya ko dole ne yanzu ko zai iya jira. Inda ake auna yawan magani a jini, da safe ake ɗiban jinin kafin a sha na safe.

Gargaɗi: kada a daina magani don za a yi EEG, sai in likita ne ya ce. Kuma fitowarsa lafiya ba ya nufin babu farfaɗiya.

5. Ƙari, ko canji? Idan canji ne, wanne?

Sau da yawa likita zai fara da ƙara wanda ake sha har ya kai iyakar da jiki zai ɗauka. Ana zuwa canji ne idan an kai wannan iyaka ciwon bai tsaya ba, ko illar maganin ta yi yawa, ko bai dace da irin ciwon ba, ko mace na shirin ɗaukar ciki.

Magungunan da aka fi samu a wajenmu shida ne, kuma ga yadda za ku gan su a jikin kwali: carbamazepine (kabamazafin), wanda aka fi sani da Tegretol; sodium valproate, wato Epilim; phenytoin (fenitoyin), wato Epanutin; levetiracetam (lebetirasitam), wato Keppra; lamotrigine (lamotirijin), wato Lamictal; da phenobarbitone (fenobabiton). Kowanne da halinsa. Kabamazafin kan sa jiri da gani biyu-biyu, ya rage gishirin jini. Epilim kan sa ƙiba, karkarwar hannu da zubar gashi. Fenitoyin kan kumbura dasashi, kuma ɗan ƙari kaɗan na iya sa ya yi yawa a jini. Fenobabiton kan sa manya barci, yara kuma rashin zama wuri ɗaya. Lebetirasitam ba ya yawan karo da wasu magunguna, amma yakan sa saurin fushi, kuma ana rage shi ga mai ciwon ƙoda. Lamotirijin ba ya cika kashe jiki, sai dai hawansa a hankali ne ƙwarai.

Gargaɗi ga mata da iyayen 'yan mata: Epilim na da babban haɗari ga ɗan da ke ciki. Kusan 1 cikin 10 na jariran da uwarsu ta sha shi da ciki kan zo da nakasa, kuma 3 zuwa 4 cikin 10 kan samu matsalar koyo ko ci gaban ƙwaƙwalwa. Yarinyar da aka ɗora a kansa tana 12, kafin a ankara an sa ranar aurenta. A tayar da maganar tun kafin biki, domin canjin na son watanni. Wadda kuma ta riga ta samu ciki tana shan sa, kada ta tsayar da kanta, ta ga likita cikin kwanakin nan. A tambayi batun ƙwayar folik asid tun kafin ciki.

Haka nan kabamazafin, fenitoyin da fenobabiton suna raunana ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar da ake sa wa a dantse. Allurar wata uku da robar mahaifa ba sa samun wannan matsalar. Mai shan maganin HIV, na tarin fuka ko na tsinka jini ya faɗa wa likita da bakinsa, kada ya ce ai yana cikin fayil.

6. A yi lissafin kuɗi kafin a haɗiyi ƙwayar farko

Mutane kan tsallake wannan mataki don kunya. Fenobabiton ya fi araha, kabamazafin da fenitoyin na tsaka-tsaki, Epilim, lebetirasitam da lamotirijin sun fi tsada, kuma farashi ba ya zama wuri ɗaya. Ku lissafa da ƙwaya: mai shan lebetirasitam miligiram 500 safe da dare, ƙwaya 60 ke nan a wata, 720 a shekara. Ku tambayi farashi a kantin asibiti da kemis biyu masu rajista, ku ninka. Ku tuna a watannin canji magani biyu za ku riƙa saya tare, ga kuɗin mota da gwaji.

Idan lissafin bai fita ba, ku gaya wa likita ƙarara: "Likita, wannan ya fi ƙarfinmu." A ganina, maganin da za a iya saya duk wata har shekara biyar ya fi na zamani da za a sha wata biyu a yanke. Ku kuma tabbatar ana samunsa a garinku, ba sai an aika Kano ko Abuja ba. Masu inshorar lafiya su tambaya ko yana cikin jerin da ake biya.

7. Sabo ya hau tukuna, sannan tsoho ya sauka

Ga zuciyar aikin. Ana fara sabon da kaɗan alhali tsohon na nan yadda yake. Ana ƙara sabon mataki-mataki har ya kai inda zai riƙe. A tsaya a ga yadda jiki ya karɓa. Sannan a fara sauke tsohon kaɗan-kaɗan.

Misali kawai, don ku ga siffar abin, ba don wani ya kwafa ba. Babban mutum na shan kabamazafin miligiram 400 safe da dare. Likita zai iya ɗora masa lebetirasitam 250 safe da dare na mako 2, ya mai da shi 500 safe da dare, ya bar su tare na ɗan lokaci, sannan ya riƙa cire 200 na kabamazafin duk mako 2. Kafin a gama an ci wata 3. Idan fenobabiton ake saukewa, ya fi haka daɗewa, watanni ake yi.

Lamotirijin na da tsarinsa. Babba kan fara da miligiram 25 a rana na mako 2, sannan 50 na mako 2. Amma idan yana shan Epilim, 25 ɗin kwana ɗaya a sha, kwana ɗaya a tsallake ne, domin Epilim na ninka yawansa a jini. Wanda ya yi gaggawa a nan, ƙurajen da zan faɗa a gaba yake jawo wa kansa.

Kada ku bar ofishin likita sai da jadawali a rubuce: mako na kaza, safe kaza, dare kaza, na kowane magani. Ku kawo shi tagar magani a sake karanta muku. A manna a bango, mutum ɗaya a gida ya ɗauki nauyinsa, a sa ƙararrawa a waya ko a haɗa shi da sallar Asuba da ta Isha'i. Ku lura da ƙarfin ƙwaya, domin "ƙwaya ɗaya" ta 200 ba ɗaya take da ta 400 ba. Masu alamar CR ko Chrono, wato masu narkewa a hankali cikin jiki, ba a tauna su, ba a daka su.

Gargaɗi: kuskuren da na fi gani shi ne sakin reshe a kama ganye. Wani saurayi ya karɓi sabon maganinsa ranar Litinin, ya koma gida yana murna ya jefar da ragowar tsohon, wai ya huta da ƙwayar barci. Daren Alhamis aka shigo da shi a bayan a-daidaita-sahu, yayansa na riƙe da kansa, jijjiga na bin jijjiga. Jadawalin yana cikin aljihunsa a ninke, bai buɗe ba.

In ban da larura, kada a fara canji a cikin Ramadan, ko dab da jarrabawa, biki ko doguwar tafiya. Wanda azumi ya riske shi a tsakiyar canji ya yi magana da likitansa, ya kuma tuna Allah ya yi wa marar lafiya rangwame. Addu'a da ruƙiyya ba sa karo da ƙwaya. Duk wanda ya ce sai an ajiye maganin asibiti kafin nasa ya ci, a bar masa kayansa.

Idan an manta sha, kada a ninka na gaba. Ku tambayi likita tun farko ƙa'idar mantuwa ta maganinku, domin ta bambanta. Wanda ya yi sama da kwana 5 bai sha lamotirijin ba, kada ya koma kan adadin da ya tsaya, sai ya ga likita, don akan sake farowa daga ƙasa.

8. Makonni 8 na farko: abin jurewa da abin gudu asibiti

Ɗan barci, jiri da tashin zuciya kan zo a farko, musamman lokacin da magani biyu ke jiki, kuma sukan lafa. A rubuta a littafi, a faɗa ranar komawa.

Waɗannan kuwa ba a kwana da su: ƙuraje a jiki, musamman da zazzaɓi, gyambo a baki, jan ido ko saɓulewar fata; ido ya yi rawaya; amai mai naci da ciwon ciki mai tsanani; zubar jini ko tabo ba dalili; tangaɗi kamar mai maye; ruɗewa; baƙin ciki mai nauyi ko maganar kashe kai. Ƙurajen lamotirijin, kabamazafin, fenitoyin da fenobabiton sun fi fitowa a wata 2 na farko. A fata mai duhu ba lallai su yi ja ba, don haka a shafa a ji, a duba cikin baki. Kada a ce ƙyanda ce ko zafin gari a shafa hoda. A irin wannan ne kaɗai ake tsayar da magani nan take, shi ma likita ne zai tsayar ya maye gurbinsa da wani a ranar.

9. Tsaro a watannin canji

Ciwon na iya tashi a wannan tsakani ko an bi komai daidai. A ajiye tuƙin mota da babur. Ban da jan ruwa a rijiya, wanka a rafi, hawa bishiya ko tsani, da girki a murhu shi kaɗai. Kada ya kulle banɗaki ta ciki. Mai faɗuwa cikin barci ya kwana kusa da wani.

Idan ta tashi: a duba agogo, a janye abin da zai ji masa ciwo, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kai, a juya shi gefe ɗaya idan jijjigar ta lafa. Ba cokali a baki, ba ɗura ruwa ko manja, ba hayaƙi, ba danne shi. Yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon. Idan ta wuce minti 5, ko wata ta biyo bai farfaɗo ba, ko ya ji rauni, ko mai ciki ce, sai asibiti. Ku tambayi likita ko ya dace ku ajiye maganin gaggawa a gida, irin diyazafam da ake sa wa ta dubura, ya kuma nuna muku adadi da yadda ake sa wa.

10. Yaushe za a ce sabon ya karɓe shi?

Ba a mako 2 ba. Wanda da ma sai bayan wata 2 yake faɗuwa, shirun mako 3 bai nuna komai ba. Ma'aunin da likitocin fannin ke amfani da shi shi ne a yi shekara guda ba faɗuwa, ko ninki uku na tazara mafi tsawo da yake samu a da, duk wanda ya fi tsawo. A riƙa komawa asibiti ko lafiya lau ake, yara a riƙa auna nauyinsu, a kuma sayi magani tun saura na mako guda.

Idan ciwon ya dawo daidai lokacin da ake sauke tsohon, a sanar da likita kafin a cire mataki na gaba. Wataƙila ya ƙara sabon, wataƙila ya bar su biyun tare, domin akwai waɗanda sai da magani biyu suke zama lafiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya rabuwa da faɗuwa idan sun samu maganin da ya dace. Ragowar su ne waɗanda aka gwada musu magani biyu da suka dace, a cikakken adadi, aka sha yadda ya kamata, ciwon bai tsaya ba. Wanda ya kai nan kada a ci gaba da yawo da shi daga kemis zuwa kemis. A nemi asibitin koyarwa a sake binciken daga tushe, da MRI idan ba a taɓa yi ba, a kuma tambayi likita kai tsaye ko irin tasa na cikin waɗanda tiyata ko tsarin abinci na musamman ke yi wa amfani. A tafi da littafin nan, da jerin duk maganin da aka taɓa sha, adadinsa, tsawon lokacin da aka sha, da dalilin da ya sa aka bar shi.